Muryar Inna a Tsohuwar Waya

AUWALU: Salamu alaikum. Halo? Halo, Amurka?

LAMI: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

AUWALU: Au, har an manta da mu? Ƙaramin maigidanki ne na Funtuwa.

LAMI: Auwalu! Ai lamba ce ta fito ba suna. Ina wuni, ko ina kwana zan ce?

AUWALU: Mu dai mun yi azahar. Ku na san yanzu kuke miƙa. Ina kwana, Anti Lami?

LAMI: Lafiya lau. Ya gida, ya Rahmatu da yara?

AUWALU: Duk lafiya. Ya Yaya Umaru?

LAMI: Yayanka ya fita tun asuba, sai dare. Ya makarantar taku, ana ta fama da 'yan Islamiyya?

AUWALU: Ana ta yi. Ya ɗanmu Khalil? Ya amaryarmu Najiba? An ce Asabar ɗin nan ne ko?

LAMI: Asabar ɗin nan in Allah ya kai mu. Yanzu haka cincin nake soyawa.

AUWALU: Me kike sayawa?

LAMI: Soyawa! Cincin!

AUWALU: Oho. Allah ya sa alheri. Ya kuma ƙarin haƙurinmu na Inna, mahaifiyarki? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

LAMI: Amin... amin, Auwalu. Na gode.

AUWALU: To ni dai godiya na kira in yi. Wayar da kika aiko Alhaji Zulkifilu da ita ta iso hannuna tuntuni, rashin kati ne ya hana ni kira. Anti, wannan ai ba tsohuwar waya ba ce, ko ƙwarzane babu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

LAMI: Haba, ba komai. Da ta zauna a durowa ai gara ta yi maka amfani.

AUWALU: Rahmatu har cewa ta yi wai yanzu sai an yi sallama kafin a yi min magana. Amma Anti, muryarki fa ba daidai take ba. Mura ce?

LAMI: Ba mura ba ce.

AUWALU: To hayaƙin mai ne?

LAMI: Auwalu, kwana biyun nan ban runtsa ba. Ko yayanka ban faɗa wa ba.

AUWALU: Subhanallahi. Dangin angon ne suka zo da wata magana?

LAMI: A'a, mutanen kirki ne. Hotunana ne. Shekaranjiya na buɗe sabuwar wayata zan nuna wa tela ɗinkin da nake so, na tarar wayam. Babu hoto ko ɗaya. Na sunan Khalil, na gama makarantar Najiba, na Umra, komai an share kamar da tsintsiya.

AUWALU: Ikon Allah! Ɓarayin intanet ne?

LAMI: Nima abin da na zata ke nan. Haka na tafi wurin aiki. Akwai wata Edna da muke kula da tsofaffi tare a nan Wheaton, 'yar Ghana ce, ta san kan waya. Ita ta zaunar da ni ta ce hotunan nan ba a cikin waya kaɗai suke ba, akwai wani rumbu a intanet da suke hawa, kulawud suke ce masa.

AUWALU: Kula da wa?

LAMI: Rumbu dai! Rumbu na intanet. Duk hoton da ka ɗauka sai ya hau can. Shi ya sa da Khalil ya saya min sabuwar waya, yana sa sunana da lambar sirri sai ga hotuna sun sauko da kansu.

AUWALU: To ai shi ke nan, a je rumbun a ɗebo.

LAMI: Rumbun ne aka share. Amma ta nuna min wani wuri a cikin manhajar hotunan, kwandon shara, inda abin da aka goge ke taruwa kafin a zubar. Muka buɗe, wallahi ga su nan tuli. Ta danna wata kibiya mai lanƙwasa, duk suka dawo.

AUWALU: Alhamdu lillahi! To kukan na mene ne kuma? Ke dai Anti da tsoro, ko kaza ta yi tari sai kin...

LAMI: Abu ɗaya bai dawo ba.

AUWALU: Halo?

LAMI: Na ce abu ɗaya bai dawo ba! Bidiyon Inna.

AUWALU: Wane bidiyo?

LAMI: Zuwana gida na ƙarshe, da jikinta ya tsananta. Na gaya mata an sa ranar Najiba. Sai ta ce ita ta san ba za ta ga ranar ba. Ta ce in kawo wayar nan tawa mai ɗaukar mutum, tana da saƙo ga jikarta. Na jingina wayar a jikin kwanon sha, na kunna. Sai ta kore ni.

AUWALU: Ta kore ki?

LAMI: Ta ce maganar kaka da jika ce, in fita. Ta kuma sa na yi alkawari ba zan kalla ba, sai ranar bikin a nuna wa Najiba. Auwalu, ban taɓa buɗe shi ba. Ban san me ta ce ba. Yarinyar nan ba ta samu zuwa zaman makoki ba saboda jarrabawa, har yau abin na cinta. Na riga na yi magana da mai ɗakin taron a Upper Marlboro, za a shigar da ita wani ɗaki ita kaɗai kafin walima ta kalla. Yanzu me zan ba ta?

AUWALU: Innalillahi. Ita Ednar ba ta gan shi a kwandon ba?

LAMI: Mun duba har idona ya yi ja. Ta ce wataƙila bai taɓa hawa rumbun ba. Ka san in na zo gida kashe data nake yi saboda tsada, kuma rumbun nawa ya daɗe da cika, kullum wayar na min gargaɗi ina turewa. Ta ce bidiyo nauyi gare shi, in bai samu wuri ba sai ya zauna a wayar da aka ɗauke shi. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne wanda ya yi gogewar. Ta ce dole akwai wata waya da ke buɗe da sunana. Na ce ni waya ɗaya gare ni, ga ta a hannuna.

AUWALU: Hm.

LAMI: Har Khalil na zarga a raina, Allah ya yafe min.

AUWALU: Hm. Anti...

LAMI: Tsaya in rage wutar nan, mai zai ƙone. Yauwa. Ina jin ka.

AUWALU: Dama akwai 'yar tambaya da nake son yi bayan godiyar. Wayar nan ta ƙi karɓar layina, shi ya sa ma nake kiran ki da 'yar ƙaramata mai tocila. Mai gyara ya ce in kawo masa ita yau bayan la'asar zai wanke ta tas, ta koma sabuwa, amma sai na karɓo lambar sirrinki, don har yanzu sunanki ne a...

LAMI: Sunan wa?

AUWALU: Sunanki. A sama, da ɗan hotonki a zagaye.

LAMI: Auwalu.

AUWALU: Na'am.

LAMI: Da wayar ta zo, akwai hotuna a cikinta?

AUWALU: E to... akwai.

LAMI: Yanzu fa?

AUWALU: Halo? Sabis ɗin nan...

LAMI: Sabis lafiyarsa ƙalau, ina jin numfashinka! Yanzu akwai su?

AUWALU: Anti, ki tsaya ki ji yadda aka yi. Ranar da ta iso na kunna ta a tsakar gida, yara sun kewaye ni. Ina taɓa wurin hotuna sai ga ki.

LAMI: Sai ga ni yaya?

AUWALU: Ba kallabi. Kina rawa. Ga wasu mata cike da falo, kowa kai a buɗe, ana liƙi.

LAMI: Wayyo Allah! Sa lallen 'yar Hajiya Sadiyya ne a Mitchellville, mu mata zalla!

AUWALU: To ni ina na sani? Matan mutane ne fa, kuma ga matar yayana a gaba tana juyi. Na kife wayar a cinya na kori yara. Na ce wannan ba hurumina ba ne, bai halatta in riƙa yawo da su a aljihu ba. Na kira wani malaminmu ya nuna min yadda ake zaɓar duka a lokaci ɗaya, na kau da kai, na danna.

LAMI: Duka?

AUWALU: Ai in na ce zan tsaya tantancewa sai na kalla.

LAMI: Ba ka da mata a gida? Ka miƙa wa Rahmatu mana!

AUWALU: In ba Rahmatu ta ga waɗannan leshin? Ina zan sa kaina?

LAMI: Auwalu, ba wasa nake yi ba!

AUWALU: Wallahi nima ba wasa nake ba, Anti, bakina ne kawai ke tafiya. Ni na ɗauka kin kwashe naki, waɗannan saura ne. Yaya za a yi in goge abu a Funtuwa ya gogu a Amurka?

LAMI: Rumbun ɗaya ne! Ban cire sunana daga cikinta ba na sa ta a kwali, ko a raina ban kawo ba. Ni da na cire layi na ɗauka shi ke nan. Amma tsaya, ni shekaranjiya nawa suka ɓace.

AUWALU: Shekaranjiya ne na kai ta shagon maƙwabcina ya jona min ita da intanet ɗinsa, don in ga ko za ta yi, tun ranar har daga gida take kamawa.

LAMI: Shi ke nan. Ranar ce wayar ta kai wa rumbun rahoton gogewar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To gogewar fa, yaushe ka yi?

AUWALU: Na ce miki ranar da ta iso. Bayan Babbar Sallah da kaɗan.

LAMI: La ilaha illallahu! Auwalu, wata ya kusa cika! Edna ta ce kwandon nan ba ya riƙe abu har abada, in ya yi kamar wata guda da kansa yake zubarwa. Ina wayar take yanzu?

AUWALU: Ga ta a aljihuna.

LAMI: Kar ka kai wa mai gyaran nan. Ka ji ni? Ko kusa da shagonsa kar ka bi!

AUWALU: Na fasa. Wallahi na fasa.

LAMI: Fito da ita. Kunna.

AUWALU: Na kunna. Sai dai cajin ya yi ja, tun jiya ba mu da wuta.

LAMI: Ya Salam. To yi sauri. Shiga wurin hotunan.

AUWALU: Na shiga. Kai! Anti, sun dawo! Ga matan nan kuma!

LAMI: Waɗanda Edna ta maido ne, rabu da su. Dubi can ƙasa, akwai wasu 'yan alamomi a jere. Taɓa na ƙarshen, ta hannun dama.

AUWALU: Dama tawa ko ta wayar?

LAMI: Hannun da kake cin tuwo!

AUWALU: Na taɓa. Wasu akwatuna sun fito.

LAMI: Nemi mai hoton kwandon shara. Kamar bokiti mai murfi.

AUWALU: Bokiti... bokiti... akwai wani kamar tauraro.

LAMI: Ba shi ba.

AUWALU: Yauwa, ga bokiti. Na shiga. Anti, akwai abubuwa a ciki fa, da ɗan dama.

LAMI: Alhamdu lillahi, bai zubar ba tukuna. Waɗannan su ne ba su hau rumbu ba. Me kake gani?

AUWALU: To... ban dai duba sosai ba.

LAMI: Kamar yaya ba ka duba ba?

AUWALU: Na ɗan kare da hannu. Na farkon kamar ke ce a ɗaki ana yi miki kitso.

LAMI: Auwalu, buɗe idonka! Na yafe maka duniya da lahira! Kan tsohuwa ne duk furfura, ba abin da zai same ka. In zunubi ne a rubuta a kaina. Duba!

AUWALU: To. Bismillahi. Ga kitso. Ga kitso kuma. Ga wata akuya.

LAMI: Ta gidan Inna ce, ka kusa. Yi ƙasa.

AUWALU: Ga buhunan kuka da daddawa a kan sikeli. Ga takardar asibiti. Ga... halo? Kina ji?

LAMI: Ina ji, ina ji, ci gaba!

AUWALU: Ga Inna.

LAMI: Wayyo Allah...

AUWALU: Anti? Ga ta zaune a bakin gado, da koren mayafinta. An jingina mata filo. Akwai bakin wani kwano da ya ɗan tare gefen hoton.

LAMI: Kwanon shan ne. Shi ne. Shi ne, Auwalu. Kar ka taɓa komai, bari in tuna yadda Edna ta...

AUWALU: Au, na riga na taɓa. Tana motsi.

LAMI: Me ka...

MURYAR INNA: ...ya kama? To. Najiba, 'yar gidana. Ke ce a ciki? An ce in na yi magana a nan za ki ji. Tsaya tukuna. Lami! Na san kina laɓe a bakin ƙofar nan, ina ganin inuwar ƙafarki. Matsa ki ba mu wuri. Tun kina yarinya haka kike, ba a rufe tukunya ki bar ta...

LAMI: Tsayar! Auwalu, tsayar da shi!

AUWALU: Ina ake... yauwa. Na tsayar.

LAMI: Wayyo Inna. Wayyo Innata.

AUWALU: Yi haƙuri, Anti. Yi haƙuri. Kamar ta ɗaga labule ta fito.

LAMI: Ina laɓen kuwa. Wallahi ina laɓe. Da ta faɗi haka na bar wurin na tafi murhu. Auwalu, na fara manta yadda take kiran sunana. Da dare in ta nema a kaina, sai in ji muryata ba tata ba.

AUWALU: In ƙara kunna miki? Ko kaɗan?

LAMI: A'a.

AUWALU: Ba wanda zai sani. In wayar nan ta mutu, ko wani abu ya faru, aƙalla ke kin ji, kya faɗa wa Najiba da bakinki.

LAMI: Kar ka jarrabe ni, don Allah. Ka ji dai abin da ta ce. Ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Mu fito da shi kawai. Dubi ƙasan bidiyon, me ka gani?

AUWALU: Akwai wani ɗan rubutu a sama da ja.

LAMI: Wa'adin ne yake ƙirgawa. Ƙasa na ce!

AUWALU: Abu biyu ne, ɗaya a nan ɗaya a can. Duk da Turanci, ƙanana, ga rana ta haske gilashin. Bari in shiga zaure.

LAMI: Kar ka yi tafiya da yatsa a kai! Ɗaya maidowa ne, ɗaya kuma gogewa ce ta har abada, in ka taɓa shi ko kamfanin ba su iya dawo da shi. Nemi kibiya mai lanƙwasa, kamar ta juya baya.

AUWALU: Tsaya, matar nan ta kamfani tana magana a kunnena. Wai katina saura minti ɗaya.

LAMI: To bari, bari! Ajiye wayar a ƙasa, ni zan kira ka yanzu.

AUWALU: Anti, cajin fa. Ta rage haske da kanta. Kafin kiranki ya shigo ta mutu, kuma ban san ranar da za a kawo wuta ba.

LAMI: Ka kai wurin masu caji!

AUWALU: In wa'adin ya cika tana can fa? Ke kika ce da kansa yake zubarwa.

LAMI: Ya Allah. Ya Allah. To duba da kyau. Kibiya. Ba bokiti ba, kibiya. Ka gan ta?

AUWALU: Ina jin na gan ta. Wani abu mai zagaye.

LAMI: Kana ji ko ka gani? Auwalu, tabarau ɗinka na fuskarka?

AUWALU: Yana ɗaki.

LAMI: Innalillahi! Kira Rahmatu ta duba maka!

AUWALU: Ta tafi gidan suna. Bari dai, Bismillahir Rahmanir Rahim. Na danna.

LAMI: Me ya faru?

AUWALU: Ta ɓace.

LAMI: Wa ya ɓace?

AUWALU: Inna. Ba ta cikin kwandon. Sai akuyar da kitson.

LAMI: To ai ko maidowa ka yi haka za ta ɓace daga nan. Haka namu suka yi da Edna. Koma baya, shiga cikin hotunan ka duba wajen watan da na zo. Kafin ta ɓace wayar ta tambaye ka wani abu? Wani rubutu ya fito?

AUWALU: E, wani ɗan rubutu ya fito daga ƙasa, sai na...

LAMI: Sai ka me? Sai ka me, Auwalu? Halo? Auwalu! Ka sake dannawa ko da kansa ya tafi? Halo! Kai, wannan yaro... Auwalu, in kana ji na kar ka ƙara taɓa komai, ga ni nan ina kira. Ina lambar ma take... wayyo, man nan ya ƙone. Halo? Na matsa fa, Inna. Kin ce in matsa na matsa, ban saurara ba. Ki tsaya a inda kike.